Grace Hopper: Malamar lissafin da ta sa kwamfuta ta fara jin maganar mutane

Idan ka shiga shagon aika kuɗi a Landan ko Jidda ko Kumasi ka tura wa gida na cefane, ko kuma ke da ke gida kika ji waya ta yi ƙara alat ya shigo, da wuya wani cikinmu ya tsaya tunanin abin da ya faru a tsakanin nan da can. To, a manyan bankuna da kamfanonin inshora da ofisoshin gwamnati na Amurka da Turai, har gobe akwai tsofaffin manhajoji da ke ƙidayar kuɗin jama'a, waɗanda aka rubuta su da wani harshen kwamfuta mai suna COBOL da aka tsara tun 1959. Matar da ake yi wa laƙabi da kakar wannan harshe ita ce Grace Hopper, malamar lissafi kuma hafsan sojan ruwan Amurka, wadda ta rasu a 1992.

Abin da ya sa muka ɗauko tarihinta shi ne, kusan duk rayuwarta ta ƙare ne a kan faɗa guda ɗaya: kada kwamfuta ta zama sirrin wasu 'yan tsiraru, kuma kada kamfanin da ya sayar maka da na'ura ya ɗaure ka da igiyar rashin sani. Wannan faɗan bai ƙare ba, yanzu ma a cikin aljihunmu ake yin sa.

Yarinyar da ta kwance agogo bakwai

An haife ta ranar 9 ga Disamba, 1906, a birnin New York. Sunanta na yanka Grace Brewster Murray, ita ce babba cikin 'ya'ya uku. Mahaifinta dillalin inshora ne, mahaifiyarta kuma mace ce mai son lissafi. Tana shekara bakwai ta so ta san abin da ke sa agogon tebur ƙara, sai ta kwance ɗaya. Da ta kasa mayar da shi, ta ɗauko na biyu don ta gane inda ta yi kuskure. Kafin uwar ta farga, agogo bakwai na gidan sun zama tarkace. Uwar ba ta hana ta ba, sai dai ta ware mata agogo guda ta ce ta tsaya a kansa.

Karatunta bai tafi sumul ba. Tana shekara 16 kwalejin mata ta Vassar ta ƙi ɗaukarta saboda makinta na harshen Latin ya yi ƙasa. Ta jira shekara guda, ta sake nema, aka ɗauke ta. Ta gama a 1928 da digiri a lissafi da kimiyyar fiziks, ta wuce Jami'ar Yale ta yi digiri na biyu a 1930, sannan ta samu digirin digirgir a lissafi a 1934, a zamanin da matan da ke kai wannan matsayi ba su taka kara sun karya ba. A 1930 ta auri Vincent Hopper, malamin adabi. Auren ya mutu a 1945, ba su haihu ba, amma ta ci gaba da amfani da sunansa har ƙarshen rayuwarta.

Daga 1931 ta koma Vassar tana koyarwa. Ɗalibanta sun san ta da wata ɗabi'a da ke ba su haushi: malamar lissafi ce, amma sai ta sa su rubuta bayanin lissafin da kalmomi, kuma ta yi musu maki a kan tsabtar rubutun. Hujjarta ita ce, lissafin da ba za ka iya bayyana wa wani ba, ba shi da amfani ga kowa. Mai karatu ya riƙe wannan, don shi ne zaren da ya ɗinke sauran labarin.

Yaƙi, da na'ura mai tsawon ƙafa 51

Da Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disamba 1941 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, sai Grace ta ce ita ma soja za ta shiga. Aka ce mata shekarunta sun yi yawa, nauyinta bai kai ma'aunin da ake nema ba, kuma aikinta na koyar da lissafi ya fi amfani ga ƙasa. Ta nace har aka yi mata sassauci, ta shiga rundunar ko-ta-kwana ta sojan ruwa a Disamba 1943. Ta zo ta ɗaya a ajinsu na horo, aka ba ta muƙamin ƙaramar laftanar a 1944, aka tura ta Jami'ar Harvard ƙarƙashin Kwamanda Howard Aiken.

A can ta tarar da Mark I, na'urar lissafi mai tsawon ƙafa 51 da tsayin ƙafa 8, nauyinta kusan tan 5, da waya mai tsawon mil 500 a cikinta. Duk wannan girman, tarawa uku take yi a daƙiƙa guda, ninkawa kuwa sai ta ɗauki daƙiƙa shida. Wayar da ke hannunka yanzu ta fi ta nesa ba kusa ba. Amma a lokacin abin al'ajabi ce, tana aiki dare da rana tana lissafi wa sojan ruwa, har ma masanin lissafi John von Neumann ya kawo mata wani ɓangare na lissafin bam ɗin nukiliya. Ana ba ta umarni ne ta hanyar huda ramuka a jikin doguwar takarda. Grace na cikin mutum ukun farko da suka koyi wannan aiki.

A nan ta fara ganin halin kamfanoni. IBM ne ya ƙera na'urar da injiniyoyinsa da kuɗinsa, bisa tsarin da Aiken ya kawo. Da aka zo bikin ƙaddamarwa a Agusta 1944, sanarwar da aka raba wa 'yan jarida ta kambama Aiken ta kusa manta da IBM. Shugaban kamfanin, Thomas Watson, ya fusata matuƙa, zumuncin ya tsinke, IBM ya koma ya gina tasa na'urar don ya nuna wa duniya ko waye mai ƙarfe. Ita ma Grace ta ɗanɗana irin wannan: ita ce ta rubuta mafi yawan littafin koyon sarrafa Mark I da ya fito a 1946, mai shafi sama da 500, amma da sunan ma'aikatan sashen gaba ɗaya aka buga shi.

Akwai labarin ƙwaro da ake yawan jingina mata. Ranar 9 ga Satumba, 1947, ma'aikatan na'ura ta biyu, Mark II, suka ciro wani ƙwaro mai fuka-fuki, irin masu bin fitila da dare, da ya maƙale a cikin wani makunni. Suka manna shi a littafin aiki da salatif. Dama tun zamanin Thomas Edison injiniyoyin Amurka na kiran matsalar inji da kalmar bug, wato ƙwaro, shi ya sa abin ya ba su dariya. Grace ba ita ta ƙago kalmar ba, amma ita ta yi ta ba da labarin har ya zagaya duniya. Littafin da ƙwaron suna gidan tarihi na Smithsonian a Washington.

Kamfanin masu basira da ba su iya ciniki ba

A 1949 ta bar Harvard ta koma wani ƙaramin kamfani a Philadelphia, na John Mauchly da Presper Eckert, mutanen da suka ƙera kwamfutar ENIAC. Suna gina UNIVAC, kwamfutar da za a sayar wa ofisoshi da 'yan kasuwa. A fannin ƙira gwanaye ne, a fannin ciniki kuwa sai a hankali. Sun yanke farashin da bai kai kuɗin ƙirar ba, suka sa hannu a kwangila, bashi ya yi musu katutu. Mai tallafa musu da jari, Henry Straus, wanda kamfaninsa ke ƙera injinan caca na filin sukuwa, ya mutu a hatsarin jirgin sama a Oktoba 1949. A 1950 dole suka sayar da kamfanin ga Remington Rand, masu yin keken rubutu da injin aske gemu. Ka ji fa. Makomar kwamfuta ta koma hannun mutanen da suka fi sanin tafireta.

Ita kanta Grace wannan lokacin ya yi mata tsanani. Masu rubuta tarihinta sun nuna cewa ta yi fama da shan giya, har 'yan sandan Philadelphia suka taɓa kama ta a ƙarshen 1949. Abokan aiki suka tsaya mata, ta farfaɗo, kuma manyan ayyukanta duka bayan wannan suka zo.

Hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ta karɓi UNIVAC na farko a 1951. A daren zaɓen shugaban ƙasa na 1952 gidan talabijin na CBS ya gwada na'urar. Da 'yan ƙuri'u kaɗan da aka ƙirga, ta ce Eisenhower zai yi gagarumin rinjaye da ƙuri'un wakilai 438. Masu kula da ita suka tsorata, don ana ganin zaɓen kankankan ne, sai suka ɓoye sakamakon, suka taɓa lissafin ya fito da abin da ya yi kama da ra'ayin jama'a. Da gari ya waye Eisenhower na da 442. Na'urar ta yi daidai, masu ita ne ba su yarda da ita ba.

Tafinta tsakanin mutum da inji

A wancan zamani, duk mai son kwamfuta ta yi masa aiki sai ya rubuta umarni da lambobi zalla, layi bayan layi. Kuskuren lamba ɗaya ya isa ya ɓata aikin kwanaki. Grace ta lura cewa masu wannan aiki suna ta kwafar guntayen lissafi iri ɗaya daga littattafan juna, suna kuma yin kuskure wajen kwafar. Sai ta yi tunani: me zai hana a tara guntayen a wuri ɗaya, kowanne da lambar kiransa, a bar na'urar da kanta ta ɗauko su ta harhaɗa? A 1952 ta kammala manhajar da ke yin haka, mai suna A-0. Wannan ita ce ɗaya daga cikin kakannin abin da za mu kira tafinta, wato manhajar da ke juya rubutun da mutum ke ganewa zuwa lambobin da inji ke ganewa.

Ba a yi mata guɗa ba. Da yawa cikin gwanayen lambobi sun ƙi taɓa abin, suna ganin kwamfuta lissafi kawai ta iya. Wasu kuma tsoron tuwonsu suke yi, don idan kowa ya iya, su me za su ci? A 1953 ta ƙara gaba, ta kai wa shugabannin kamfani shawarar a riƙa rubuta umarni da kalmomin Turanci na yau da kullum, irin su karanta, kwatanta, rubuta, tsaya, yadda akawu da mai lissafin albashi za su iya duba manhaja su gane abin da take yi. Aka mayar mata da martani cewa kwamfuta ba ta jin Turanci. Sai da aka shafe kusan shekara uku kafin a yarda. Ta sha ba da labarin yadda ta nuna musu cewa ana iya sauya kalmomin zuwa Faransanci ko Jamusanci na'urar ta yi aiki iri ɗaya, tunda a wurinta duk alamomi ne, amma maimakon su yi murna sai abin ya tayar musu da hankali. Daga wannan ƙoƙari aka samu harshen FLOW-MATIC.

Ranar da babban mai saye ya buga tebur

Sai kuma wata matsalar ta kunno kai. Kowane kamfani da harshensa. Manhajar da ka kashe dukiya ka rubuta wa na'urar wannan kamfani ba za ta yi aiki a ta wancan ba. Idan kana son canza dila, sai ka zubar da komai ka faro daga farko, don haka mafi yawan masu saye suka zama kamar an ɗaure su. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. IBM ya daɗe yana ba da injinansa haya kawai, ba ya sayarwa, kuma yana tilasta wa masu haya sayen katinsa na huda, har sai da Kotun Ƙolin Amurka ta hana wannan sharaɗi a 1936, sannan a 1956 gwamnati ta sa shi ya amince zai riƙa sayar da injinan ga mai so.

Wadda abin ya fi damu ita ce Ma'aikatar Tsaron Amurka, da ke da kwamfutoci 225 a lokacin, da wasu 175 da ta yi oda. A Mayu 1959 aka tara kamfanoni da ma'aikatun gwamnati a Pentagon don a samar da harshe ɗaya na harkar kasuwanci. Grace na cikin masu ba kwamitin shawara. Gaskiyar magana, ba ita ta zauna ta rubuta COBOL ba. Wani ƙaramin kwamiti ne ya yi, cikinsu akwai Jean Sammet da Gertrude Tierney, amma a kan tubalin FLOW-MATIC aka ɗora ginin. An sha rigima, don IBM na da nasa harshen COMTRAN, Honeywell na da FACT, kowa na jan ruwa zuwa gonarsa. Har wani ɗan kwamitin, Howard Bromberg, ya sayi dutsen kabari aka sassaƙa sunan COBOL a jiki ya aika wa jami'in Pentagon da ke jagorantar aikin, don nuna cewa abin ya mutu tun kafin a haife shi.

Bai mutu ba. Ma'aikatar Tsaro ta sanar cewa ba za ta saya ko ta yi hayar kwamfutar da ba ta jin COBOL ba. Nan take kamfanoni suka shiga taitayinsu. A Disamba 1960 aka ɗauki manhaja ɗaya aka gwada ta a na'urar UNIVAC II da kuma RCA 501, na kamfanoni biyu daban, ta yi aiki a duka. Wanda ya ga yadda Tarayyar Turai ta kafa dokar caja iri ɗaya, har Apple ya sauya bakin cajar iPhone zuwa USB-C a 2023, ya ga maimaicin wannan labari. Kamfani ba ya sakin igiya don tausayi, sai mai saye ya san abin da yake nema ya kuma dage a kansa.

Tsohuwar da ritaya ta kasa riƙewa

A ƙarshen 1966, tana shekara 60, doka ta sa ta yi ritaya daga rundunar ko-ta-kwana da muƙamin kwamanda. Ba a cika shekara ba, a Agusta 1967, aka sake kiranta aikin wata shida, saboda kowane kamfani ya ƙara wa COBOL ɗinsa gishiri da yaji har manhajojin sojan ruwa sun daina jituwa da juna. Ita da yaranta suka tsara gwaje-gwajen da dole tafintar kowane kamfani ta ci kafin a yarda COBOL na gaskiya ce. Wata shida ya zama kusan shekara 19. Ta zama kyaftin a 1973, kwamado a 1983, aka sauya sunan muƙamin zuwa riya admiral a 1985. Ta yi ritaya ta ƙarshe a Agusta 1986 a kan tsohon jirgin yaƙi USS Constitution a Boston, tana shekara 79, ita ce mafi tsufa cikin hafsoshin rundunar da ke bakin aiki.

A waɗannan shekaru ta koma sana'arta ta asali, wato koyarwa. Tana yawo makarantu da barikoki da gidajen talabijin da guntayen waya a jaka, kowace tsawon santimita 30. Wannan shi ne iyakar nisan da lantarki zai iya tafiya a nanosakan guda, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Idan manyan hafsoshi suka tambaye ta me ya sa saƙo ta tauraron ɗan'adam ke jinkiri, sai ta miƙa musu wayar ta sa su ƙiyasta guda nawa za a jera daga ƙasa zuwa sama a dawo. Tana kuma da naɗin waya mai tsawon mita 300, nisan da ake yi a kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, don masu rubuta manhaja su ga abin da suke ɓarnatarwa. Gani ya kori ji. A bangon ofishinta akwai agogon da hannunsa ke juyawa ta baya, don tunatar da baƙi cewa an saba yin abu ta wata hanya ba hujja ba ce ta ci gaba da yin sa haka.

A 1969 wata ƙungiyar masana kwamfuta ta ƙirƙiro lambar yabo ta namijin shekara, kuma wanda aka fara bai wa ita ce Grace, mace. Bayan ritaya ta yi aiki da kamfanin Digital Equipment a matsayin mai ba da shawara. Ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992, tana shekara 85, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. An sa wa jirgin yaƙi USS Hopper sunanta, kuma a 2016 Shugaba Obama ya ba ta lambar yabo mafi girma ta farar hula a Amurka.

Abin da ya rage mana

Kamfanonin da ta yi wa aiki duk sun shuɗe ko an haɗiye su. Remington Rand ya narke cikin Sperry a 1955, Sperry ya haɗe da Burroughs a 1986 suka zama Unisys, Digital kuma Compaq ya saye shi a 1998. COBOL kuwa yana nan. Da aka tunkari shekarar 2000 aka tuna cewa tsofaffin manhajoji da lamba biyu suke rubuta shekara, aka bazama neman waɗanda suka iya gyara su. A Afrilu 2020, lokacin annobar korona, gwamnan jihar New Jersey ya fito bainar jama'a yana neman masu ilimin COBOL, saboda na'urar biyan tallafin marasa aiki ta kasa ɗaukar yawan masu nema. An bar ilimin a hannun tsofaffi ba a koya wa yara ba, ranar buƙata aka rasa madafa.

Mu ma da ke zaune a ƙasashen mutane mun san wannan ciwo. Sabunta igama, neman biza, ganin likita, biyan kuɗin makaranta, duk sun koma intanet. A gida ma tun 2015 jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yin ta, yaro mai ƙoƙari na iya faɗuwa don bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Dattijo na miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga yaron shago don a cika masa fom, alhali duk abin da ya tara yana bayan wannan lambar. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ba sai kowa ya zama injiniya ba. Amma ya kamata kowa ya iya kare kalmar sirrinsa, ya karanta abin da aka rubuta kafin ya danna amincewa, ya san inda hotunansa da lambobin mutanensa suke ajiye, ya kuma tambayi kansa ko zai iya kwashe su idan ya canza waya ko kamfani. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce dai wadda aka yi a Pentagon a 1959. Kai da ke waje, idan ka aika wa Hajiya sabuwar waya, ka ware mata rabin awa a kiran bidiyo ka nuna mata yadda ake amfani da ita, ka bari ta danna da hannunta ko da za ta yi kuskure. Gemu ba ya hana ilimi.

A ƙarshen rayuwarta, idan aka tambayi Grace Hopper abin da ta fi alfahari da shi bayan tafintar da ta ƙera, takan nuna matasan da ta horar. Takan ba su dama su gwada abin da suka zo da shi, ta tsaya musu idan manya suka taso, sannan ta riƙa leƙa su lokaci-lokaci don kada su yi sanyi.